Hana rumfar zana bai gina aji ba

An ba ni magana a kan makarantun renon yara, waɗanda muke kira jardan, da abin da hukuma ta tanadar musu. Zan fara da wuta, don da ita aka farkar da mu.

Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a Yamai, ta ci aƙalla yara 20, mafi yawansu ƴan jardan. Ba a kai wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba, aka sake a Maraɗi: aƙalla yara 25, ƴan shekara 5 zuwa 6, cikin azuzuwan kara da zana. Allah ya jiƙansu. Nan take majalisar ministoci ta haramta rumfar zana a matakin jardan cikin duk faɗin ƙasa.

Hukuncin ya yi daidai, ba ni da ja. Amma mu tambayi kanmu me ya sa aka yi rumfar tun farko. Ba don sha'awa ba ne. Yara sun yi yawa, gini ya yi kaɗan. A lokacin, gwamnati da bakinta ta ce akwai irin waɗannan azuzuwa wajen 36.000. Iyaye ne ke jiran a gama girbi su kawo kara su kafa, shi ya sa karatu ke makara, ruwan farko kuma ya tashi aji. To in ka rushe rumfa ba ka aza tubali ba, ina yaron zai je? Ko ya koma goyon ƙanensa a gida, ko uwarsa, mai zuwa kasuwa, ta kai shi wani ɗaki mai ƙofa ɗaya inda wani ya buɗe jardan don neman abinci.

Doka kuwa muna da ita. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ce ƙasa ta ɗauki nauyin karatun yaro tun yana shekara 4. Takarda ba ta yi rowa ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Kada a ba kowa izinin buɗe jardan, na hukuma ne ko na kuɗi, sai sufeto ya taka da ƙafarsa ya ga ƙofa biyu, da ruwa, da makewayi, ya ƙidaya yara nawa ke gaban malama guda. Ya kuma dawo ba tare da ya aiko da sanarwa ba. Duk mun san yadda ake share wuri in an ji baƙo na tafe. Magadan gari su bayyana wa jama'a aji nawa suka gina wa ƙananan nan a kasafin kowace shekara, a karanta a rediyo da Hausa. Ku kuma iyaye, gobe da safe in kun raka yaro, ku shiga ajin ku duba ta ina zai fita.