Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Amsa Ga Mai Neman Masauki A Zariya

Takardarmu ta yau ta fito ne daga hannun wani manomin riɗi a ƙasar Gumel ta Jihar Jigawa. Ya ce 'yarsa ta fari ta kammala karatun digiri a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma ta aiko masa cewa za a yi bikin yaye su. Shi bai taɓa taka Zariya ba. Ga uwar yarinya, ga kakarta, ga ƙannenta da gwaggonni, kowa ya ce ƙafarsa ƙafar Malam, har sun kai mutum goma sha huɗu. Tambayarsa ita ce: su ɗauki shatar mota su tafi kawai, in sun isa sa nemi wurin kwana, ko yaya za su yi?

To Malam, da farko muna taya ka murna, Allah Ya sa wa karatun albarka. Amma maganar a tafi kawai a nemi masauki a can, wannan kam ban ba ka shawararta ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in gaya maka dalili. Wannan jami'a da aka buɗe a 1962 tana cikin mafi girma a ƙasar nan. A bukukuwan da ta yi a 2023 da 2024 da 2025, kowane karo ɗaliban da aka yaye sun haura 20,000. Ko da rabinsu ne kawai suka zo, kowa da mutum uku a bayansa, ka lissafa da kanka. Ga kuma manyan baƙi, sarakuna da gwamnoni da 'yan rakiyarsu, su ne ke fara kame ɗakunan manyan otal tun ana saura makonni. Zariya gari ne babba, amma ɗakunan kwananta ba su kai su ɗauke wannan taro a dare ɗaya ba. Kai da ka san yadda Maigatari take cika ranar Alhamis, ka san wanda ya zo da tsakar rana ba ya samun rumfa mai kyau. Wanda ya iso Zariya daren jajibiri yana neman ɗaki, ko dai ya rasa, ko ya biya kuɗin da zai daɗe yana cizon yatsa.

Abu na farko, tun kafin ka fitar da ko kwabo, shi ne tabbatar da rana. Kada ka dogara da “an ce”. Ka sa yarinya ta kawo maka sanarwar da jami'a ta fitar da kanta. Ranakun jami'o'inmu suna motsi. A 2022 yajin aikin malamai ya rufe su daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, kuma irin wannan kan tura komai gaba, har a haɗa 'yan shekara biyu a biki ɗaya. Shi ya sa in za ka kama ɗaki, ka tambayi mai wurin baki da baki: in an ɗaga bikin, za a mayar mini da kuɗina, ko za a matsar mini zuwa sabuwar ranar? Abin da ya amsa a rubuta shi a bayan rasit.

Sai kuma sanin inda za ka. Mutane da yawa sukan ɗauka Zariya wuri ɗaya ce. A'a. Jami'ar tana da mazauni biyu: babban yana Samaru, kan hanyar Funtuwa, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona take, wadda manoma suka san irin shukarta, ɗayan kuma yana Kongo, inda ake karatun shari'a da harkar mulki. Ko yarinyarka a Kongo ta yi karatu, babban taron a Samaru ake yinsa. Daga birnin Zazzau zuwa Samaru akwai 'yar tafiya, sai an ratsa Tudun Wada da Sabon Gari a bi ta Kwangila, kuma safiyar biki motoci kan cunkushe tun daga nan har ƙofar jami'a. Don haka ɗaki mai sauƙi a Samaru ko Palladan ko Hanwa ya fi maka ɗaki mai ƙawa a can nesa. Mai tsohuwa a tare da shi ya fi kowa bukatar kusa.

Yanzu mu zo kan mutum goma sha huɗun nan, don a nan maganar take. Na san abin alfahari ne, kuma na san wuyar ce wa gwaggo ki zauna. Amma Malam, ka sani a irin wannan taro ba kowane ɗalibi ake kiran sunansa ba. Tsangaya-tsangaya ake tayar da su a ce an ba su digiri, su zauna. Wurin zama a cikin filin ma ba ya isar kowa, akasarin dangi a waje suke wuni a gindin itatuwa, sai an tashi a yi hotuna. Takardar shaidar digirin kanta ba lalle a ranar ake miƙa ta ba, tana da nata ofishin da nata lokacin. To ashe ka ɗebo mutum goma sha huɗu, ka biya mota, ka biya ɗaki huɗu ko biyar, ka ciyar da su kwana biyu, don hoton minti goma? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da shatar mota ta koma. Ni a ganina, ku tafi ku huɗu ko biyar: kai, da uwarta, da kaka in ƙarfinta zai ɗauka, da wani saurayi mai waya wanda ya iya zirga-zirga. Sauran kuɗin a riƙe, in an dawo a yi walima a gida, a yanka abin da ya sawwaƙa, yarinya ta sa rigarta kowa ya gani. Kada buhun riɗin da ka ajiye don takin bana ya tafi a kuɗin otal.

Ina za a sauka? In kana da ɗan'uwa ko ɗan garinku a Zariya, wannan ya fi komai. 'Yan kasuwa sun san daɗin fatoma, mutumin da za ka sauka gidansa hankalinka kwance. Amma a yi masa adalci. A sanar da shi da wata guda ko fiye, a gaya masa ku nawa ne, maza nawa mata nawa, kwana nawa za ku yi. Wataƙila ba kai kaɗai ka tuna da shi ba, wasu ma sun kira. Kuma kada a je hannu rabbana. A riƙa masa ɗan gero ko wake, da man gyaɗa, da abin cefane a hannun uwargida, don mutumin birni komai saye yake yi.

In babu kowa, yarinyar ita ce jagorarka. Ta yi shekara huɗu ko biyar a garin, tana da ƙawaye 'yan Samaru, ta san malamai da ma'aikata. Sau da yawa iyayen ƙawa sukan ba mata ɗaki, maza kuma su nemi nasu. Sai dai kada ka sa rai da ɗakinta na makaranta. Wanda ya gama ya miƙa makulli, wani ya shiga. Wataƙila ma ita kanta daga wurin bautar ƙasa za ta taso, tana bukatar wurin kwana kamar ku.

In kuwa otal ne ko gidan saukar baƙi, to zuwa da kai ya fi aike. Ita ko wani amintacce ya je ya ga ɗakin da idonsa: akwai ruwa? Ana tayar da janareta da dare? Mutum nawa aka yarda su kwana a ɗaki ɗaya? Wasu wuraren ba su yarda a wuce biyu. Sannan a duba irin wurin, don akwai masaukin da mutum ba zai so ya kai iyalinsa ba, kun dai gane. In ya yi, a ba da kafin alƙalami a karɓi rasit mai hatimi da ranakun a rubuce. Yawancin otal suna ƙirga kwana ne daga sha biyun rana zuwa sha biyun rana, saboda haka in za ku fita biki da safe ba ku dawo ba sai la'asar, an shiga kwana na biyu ke nan. A yi wannan magana tun farko. Kuma ina jan kunne: kada wani ya kira ka a waya ya ce shi dillalin ɗakuna ne, ka tura kuɗi asusunsa. Lokacin irin wannan taro 'yan damfara ke cin kasuwarsu. Kuɗi sai ga wurin da naka ya taka ya gani.

Akwai masu cewa za su kwana Kano ko Kaduna su yi sammako. Daga Kano kimanin kilomita 150 ne, daga Kaduna kimanin 80. Ga mai dangi a can dabara ce, kuma kai ta Kano za ka bi dama. Amma sai an tashi da an idar da sallar Asuba, kuma a sa rai da hazo. Bukukuwan nan uku da na ambata duk a watan Janairu suka faɗo, tsakiyar hunturu, kuma sanyin Zariya ba wasa ba ne. Ko ina za ku kwana, kowa ya riƙo bargonsa da rigar sanyi, a haɗa da tabarma da buta da maganin da tsohuwa take sha. Masu tunanin za su raɓa a tasha ko barandar masallaci, namiji shi kaɗai ya iya jurewa, amma ba da mata da yara ba. Tafiyar dare kuwa, da zuwa da komowa, a bar ta. In taro bai watse da wuri ba, gara a ƙara kwana.

A riƙe tsabar kuɗi kaɗan a jiki, kada a dogara da POS kaɗai, don waɗanda suka yi tafiya farkon 2023 lokacin canjin kuɗi sun ga tasku. Ranar taro layin waya ma kan cushe, don haka tun da safe ku yanke wurin da za ku haɗu da yarinya in an tashi, wuri ɗaya sananne da kowa ya gani da idonsa, kuma a rubuta lambarta da sunan masaukinku a takarda a sa wa kaka a bakin zane.

Malam, ka fara da kiran yarinya a daren yau ta nemo maka sanarwar ranar. A gaida mutanen Gumel, a yi wa uwarta barka.