Ajiyar Iri Da Ɓarnar Ɓera: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu Na Mafaza



Na san wani zai ce me ya haɗa mai sanda da maganar rumbu. To, a nan bakin kogin Rahad da wuya ka sami mai shanun da ba ya da 'yar gonar dawa ko riɗi. Muna girbi a Nuwamba zuwa Disamba, ba mu sake shuka ba sai Yuli. Wata bakwai ke nan iri yana zaune, mu kuwa muna can bin kara da ruwa. Ranar da ka dawo ka tarar da ƙaiƙayi da kashin ɓera, me za ka yi? Sai ka ja maraƙi zuwa kasuwa, a lokacin da ya fi rama, iri kuma ya fi tsada. Fataken da ke cikinmu sun san kuɗin da ake taya irin wannan dabba.

Da can mukan ce in namu ya lalace gwamnati tana da shi. Amma a watan Disamba na 2023 yaƙi ya shiga Wad Madani, aka wawashe ma'ajiyar iri ta hukumar binciken noma. Abin da aka tsirar, wani sai da aka kai shi Svalbard, can ƙasar Norwe, a 2025. Saboda haka fatarita ko Wad Ahmad ɗin da ke hannunka, ka riƙe shi kamar bijimin garke.

Abu na farko, kada iri ya shiga matmura. Ramin nan yana da kyau ga abinci, kakanninmu sun ci shekarun yunwa da shi. Sai dai zafi da gumin cikinsa suna kashe ƙwayar, ta ciyu amma ba ta tsira. Ga shi kuma baƙar lakarmu tana tsagewa da rani, tsagar nan kuwa hanyar ɓera ce.

Ka zaɓi zangarniya tun tana tsaye a gona, mai cika, marar domana. Ka shanya ta har in ka ciza ƙwaya ta ce ƙas. Daga nan ka sussuke, ka gauraya da toka da busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwari, ka zuba a durom na ƙarfe mai murfi, ka cika shi har baki, ka liƙe. Jarkar roba tana hana ƙwari, amma ɓera yana huda ta. Ni kaina na yi asarar jarka biyu a bukka wata shekara kafin in yarda. Wanda ba ya da durom ya ɗaga rumbunsa kamu biyu daga ƙasa, ya sa wa kowace ƙafa hular langa-langa mai kallon ƙasa. A share ciyawa kewaye, kada a jingina tsani ko dami, kada reshen itace ya sauko kan jinka. Kyanwa ma a bar ta ta zauna.

Yanzu ga inda na fi so ku saurara. Dattawa sun tuna yadda ɓera ya cika ƙasa a 1986 da 1987, bayan ruwa ya dawo daga farin 1984. Ba abin mamaki ba ne, don cikin ɓera mako uku ne kawai. A irin wannan shekara kowa sai ya ruga ga guba. Baƙin garin nan mai warin tafarnuwa, da ake cuɗawa da dawa, bai san ɓera da akuya ba. Yana kashe kaji, yana kashe maraƙi, yana kashe yaro. In dole ne, a sa shi cikin gwangwani ko guntun bututu mai ƙaramin baki, nesa da burtali da mashaya, a binne gawar ɓeran da safe. Ƙwayar hayaƙin da ake sa wa buhuna kada ta kwana ɗaki ɗaya da mutum. Irin da kuka ga an rina shi ja, magani ne a jikinsa. Fatake, in an kawo muku shi da araha, kada ku saya wa shanun kiwo.

Kafin ruwa ya sauka da mako biyu, ku ƙirga ƙwaya 100, ku naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ku duba bayan kwana bakwai. In 80 sun tsira, ku shuka yadda kuka saba. In ba su kai rabi ba, ku nemi wani wajen maƙwabci tun kasuwa ba ta farka ba.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.