Lemon kwali da mai ciwon sukari

Makiyaya da 'yan kasuwar bakin iyaka. Ranar kasuwar Illela ko Jibiya, rana ta take, ƙishirwa ta kama ka, ga lemon kwali mai sanyi da hoton mangwaro a jiki. In kana da ciwon sukari, dakata tukuna.

Kofi ɗaya na ruwan lemon zaƙi, ko ba a ƙara masa komai ba, sukarinsa ya kai cokalin shayi 5. Wajen matsa an zubar da tuƙar da ke rage masa gudu, sai ya shige jini nan take. Gara ka ɓare lemo ɗaya ka ci, ka kora da ruwa. Zoɓon da aka zuba wa sukari ma duk ɗaya ne.

Amma fa yana da ranarsa. Kai da kake allurar insulin ko shan ƙwaya, ka bi shanu tun asuba ba ka karya ba, in jiki ya ɗau rawa, gumi ya karyo, ido ya yi duhu, to sukari ne ya faɗi. Sha rabin kofi, ka zauna minti 15. In bai sake ka ba, ka ƙara, sannan ka ci abinci. Wanda ya suma kam, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.