A Auna Jini Kafin a Ɗauko Allura: Toshewar Hanji a Jikin Doki



Ba zan tsaya bayanin ciwon cikin doki ba, domin duk wanda ke zauren nan ya ga doki yana tonon ƙasa, yana waiwayen kwiɓinsa, yana birgima. Ƙorafina ɗaya ne, kuma na daɗe ina yin sa: idan aka kira mu barga, allurar fulunizin muke fara zarowa. Zafi ya lafa, mai doki ya yi godiya, mu kama hanya. Alhali idan hanji ya murɗe, ciwon ya riga ya shiga jini, allurar kuwa rufe shi kawai ta yi.

Doki ba ya amai. Ƙaramin hanjinsa ya haura mita 20, kuma kullum yana zubo ruwa mai yawa da ake sake tsotsewa a can gaba. Da zarar hanya ta toshe, ruwan nan sai ya taru a cikin hanji, jinin da ke yawo ya yi kauri. Nan ne awon da na fi yarda da shi, wato na kaurin jini da furotin, yake da amfani. A lafiyayyen doki, jajayen ƙwayoyi suna tsakanin kashi 32 da 45 cikin ɗari na jini, furotin kuma wajen giram 6 zuwa 7.5 a desilita. Idan kaurin ya haura 50, a shiga taitayi. Idan ya wuce 60, da wuya dokin ya tashi.

Amma kada a karanta kauri shi kaɗai. Saifar doki rumbun jajayen ƙwayoyi ce, tsoro ko zafi na sa ta matse ta zubo su, sai kauri ya hau furotin na nan inda yake. Idan duka biyun suka hau tare, ƙarancin ruwa ne, ƙarin ruwa zai taimaka. Wanda ke tayar min da hankali shi ne na uku: kauri na hawa, furotin na sauka. Ma'anarsa bangon hanji ya fara mutuwa, furotin na yoyo zuwa cikin ciki. Irin wannan dokin, ko kun same shi tsaye yana taɓa harawa, kada ku yarda da shi. Ku maimaita awon bayan awa biyu ko uku, domin inda lambobin suka dosa ya fi lambar farko magana.

Sai batun daskarewar jini. Hanjin da ya rasa jini yana sakin dafin ƙwayoyin cuta zuwa jijiyoyi, doki kuwa yana cikin dabbobin da ba sa jure wannan dafi. Jini sai ya fara ƙulla ƙananan gudaji ko'ina. Ƙwayoyin daskarewa su faɗi ƙasa da 100,000, antitirombin ya ragu, lokacin daskarewa a gwaji ya tsawaita. Wasu abokan aiki na cewa ba su taɓa ganin wannan ba, tunda ba su ga doki na zubar da jini ba. Ai doki ba kasafai yake zubarwa ba, toshewa yake yi. Jijiyar wuyan da kuka sa wa ruwa jiya ta sandare yau, ƙoda ta gaza, kofato ya yi zafi dokin ya kasa takawa. Fibirinojin ma zai ruɗe ku idan da ma'aunin mutum kuka zo, domin kumburi na sa hantar doki ta ƙara samar da shi, sai ku gan shi daidai alhali ana cinye shi.

Ana ce min babu kayan aiki, kuma ko an gano murɗewa ina za a yi tiyata? Na'urar juya jini ƙarama da madubin awon furotin ba su kai kuɗin sirdin ado ɗaya da ake ɗora wa dawakin hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ba. Kuma ko babu tiyata, haƙƙin mai doki ne a gaya masa gaskiya da wuri, haƙƙin dokin ne kada ya kwana biyu cikin azaba a banza.

Don haka ina kira da a sa wannan awo cikin jakar duk likitan da ke zuwa barga. A koya wa masu kula da dawaki ɗaga leɓe su duba dasashi, su ƙirga bugun zuciya: 28 zuwa 44 a minti shi ne daidai, idan ya wuce 60 a kira likita nan take. A daina ɗura wa doki mai ciwon ciki kanwa da mai ta baki. Ku kuma ɗalibai, gobe idan aka kira ku, ku ɗebi jini tukuna, sannan ku yi allura.