Zinariyar tsufa: a gwada kafin a ajiye

A Yamai, mafi yawan ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu ba su da fansho a CNSS, hukumar da ke biyan ma'aikata fansho, don haka wasunsu zinariya ce asusun tsufansu. Suna da hujja: a watan Janairun 1994 an zabtare rabin darajar sefa, amma wanda ya adana zinariya bai yi wannan asara ba.

To, shin kuɗin da ake biya don gwada zinariya yana ƙara mata daraja? Gwaji ba ya ƙara ko giram ɗaya, sai dai yana hana a cuce ka. Mai karat 18 kashi 75 cikin ɗari ne zinariya, mai karat 21 kuma kashi 87.5. Ido kaɗai bai isa ya rabe su ba, ko daga mahaƙar Djado ta fito ko daga Dubai. Ranar sayarwa kuwa nauyi da tsabta ake biya, kuɗin ƙira yakan tafi.

Saboda haka, iyayenmu mata da alhazai, a gwada a gabanku, a auna, a rubuta muku karat da nauyi a takarda. Magada ma za su huta ranar rabon gado.