Jawabin Buɗe Gidan Wakafi na Matasa Ma'aikata a Nassarawa, Kano

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Mai unguwa da limamanmu, Allah ya gafarta malam. Iyalan marigayi mai wannan gida, Allah ya jiƙansa ya kai haske kabarinsa. Maƙwabta, da 'ya'yanmu da za su karɓi mukullai yau.

Yanzun nan muka gama zagaya gidan, muka kuma taka da ƙafa har ƙarshen layin muka dawo. Duk wanda ya shigo daga babban titi ya ji iska ta sauya a jikinsa tun kafin ya ga ɗaki ko ɗaya. Maɗatan gefen hanya sun haɗa kai a sama, darbejiya ta lulluɓe katanga, ga tsohon mangwaron nan na bayan gida da rassansa suka sauko har yaro na iya miƙa hannu ya taɓa. A cikin duk abin da magada suka ba da wakafi, wannan inuwa ce ta fi tsada, ta fi bulo da kwanon rufi. Abin da nake so in kafa hujja a kai shi ne, hanyar da ta fi tabbas wajen tsare inuwar Nassarawa, wadda kuma ta fi adalci, ita ce a ƙara yawan masu kwana a ƙarƙashinta ba tare da an ƙara yawan siminti ba.

Sai mun tuna yadda unguwar ta samo wannan kama kafin mu gane nauyin abin da ake yi yau. Turawa sun ci Kano a 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a nan Nassarawa, gidansa kuma yana nan tsaye. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, baƙi da kamfanoni suka yawaita, sai aka tsara garin kashi-kashi: birni na 'yan ƙasa, Sabon Gari na mutanen kudu, wannan ɓangare kuma na Turawa. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa rabon, kuma ƙa'idar Gwamna Lugga ita ce a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin mazaunin Bature da na baƙar fata, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga can ya kawo nan. Filaye masu faɗi, gida ɗaya a tsakiyar kowane fili, baranda ta kewaye shi, boskwata can baya inda kuku da boyi suke kwana: an yi tsarin ne domin mutane kaɗan su wala. Bayan 'yancin kai a 1960 manyan ma'aikatanmu da attajirai suka gaji gidajen, launin fatar masu gida ya sauya, amma yawan masu cin moriyar inuwar bai ƙaru da wani abin kirki ba.

Yau kuma wani haɗari ne dabam ya taso wa unguwar, kowa a nan yana ganinsa. Idan mai gida ya rasu, magada suka yi yawa, abin da ya fi sauƙi shi ne a sayar a raba kuɗi. Wanda ya saya ya zuba maƙudan kuɗi, dole ya nemi mayar da su, sai ya rushe gidan, ya sare bishiyoyin, ya yanka filin gida-gida ko ya tayar da filaza, abin da ya rage ya shimfiɗe shi da intalok daga katanga zuwa katanga. Ba mugunta ce ke sa shi ba, lissafin kasuwa ne. Amma asarar ba a kansa kaɗai take faɗawa ba. Bishiya tana tare rana kafin ta daki ƙasa, tana kuma jawo ruwa da saiwarta ta fitar da shi ta ganye, wannan danshi ne ke sanyaya iskar da ke kewaye da ita. Siminti kuwa yini yake yana shan zafi, da dare ya amayo shi, shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ɗakin da ke tsakiyar intalok ba ya kwantuwa ko da asuba. Haka nan ruwan Agusta: buɗaɗɗiyar ƙasa tana shanye shi ya koma ya ciyar da rijiyoyi, wadda aka rufe kuwa tana tura shi kwata, kwata ta cika ta tura shi gidan maƙwabci. Maɗacin da aka sare a wuni guda, jikokinmu ne za su ga madadinsa, in ma an dasa.

Ga kuma ɗaya ɓangaren, wato su waɗannan samari da ke zaune a gabanmu: malaman jinya, malaman makaranta, masu yi wa ƙasa hidima, ƙananan ma'aikata da suka fito daga ƙauyukanmu da wasu jihohi. Kowa ya san abin da matashi ke gamuwa da shi in ya fita neman haya a Kano. Kuɗin shekara ake nema a dunƙule, ga ladan dillali, ga tambayar da ke rufe ƙofa tun kafin a yi ciniki: kana da iyali? Wanda bai yi aure ba saboda bai tara ba, an hana shi wurin da zai zauna ya tara. Ƙarshenta sai ya kare a shago ko a wani ɗaki can bakin gari. Wannan gida ya haɗa buƙatun nan biyu wuri guda. Ba a ƙara tubali ko ɗaya a kan filin ba. Tsohon falon ya zama wurin karatu da cin abinci. A kicin mun ga an jera wa kowa kabad ɗinsa da sunansa a jiki, ga takardar juyin shara da wanke-wanke an manna a bayan ƙofa, an bar gurbin sa hannu a gaban kowace rana. Boskwatar da aka gina don masu hidima an buɗe mata tagogi, ta zama ɗakuna irin na cikin gida, haya ɗaya, daraja ɗaya.

Na san akwai masu ɗari-ɗari, kuma maganarsu ta cancanci amsa a bainar jama'a. Maƙwabta suna tsoron gidan samari: hayaniya, baƙin fuska, shige da fice cikin dare a unguwar da akwai matan aure da 'yan mata. Tsoro ne na mai hankali. Sai dai abin da ke lalata gidan haya rashin mai tsawatarwa ne. Zaman mutane da yawa a gida ɗaya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A gidan yawa akasarinmu muka tashi, kuma shekaru aru-aru fatoma a Fagge yana sauke fatake daga Agadas da sauran nisan duniya, yana ba su ɗaki, yana tsaya musu, in sun yi laifi shi ake nema. Abin da ya riƙe waɗancan gidaje shi ne akwai babba, akwai zaure, akwai iyakar da baƙo ba ya wucewa. Nan ma an sa dattijo mai kula da gida, baƙo a baranda yake tsayawa, mai unguwa yana da sunan kowane mazauni da na wanda ya tsaya masa. Ina kuma roƙon maƙwabta su auna wannan da abin da zai zo in an sayar: filaza mai janareto da motoci har bakin ƙofarsu, wadda babu wanda za su kai wa ƙara in dare ya yi.

Wasu kuma sun ce kayan taro ba ya daɗewa, famfo zai lalace kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Haka ne in ba a tanadi kuɗin gyara ba. Shi ya sa hayar da za a riƙa karɓa, duk da sauƙinta, ba ta shiga aljihun kowa; asusun gidan take komawa, don rijiyar burtsatse da batiran sola da yi wa bishiyoyi sassabe kafin iskar farkon damina.

Magana mafi ƙarfi ita ce ta masu lissafi, waɗanda suka ce da an sayar da filin nan, kuɗinsa zai gina ɗakuna ninkin waɗannan a wajen gari, mutane da yawa su amfana. Ban musa lissafin ɗakunan ba, kuma Kano tana buƙatar irin waɗancan gidaje ma. Amma akwai abin da lissafin ya tsallake. Tun da aka hana acaɓa a cikin birni a 2013, aka kuma cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin a-daidaita-sahu ya zama haya ta biyu a kan ƙaramin ma'aikaci. Malamin jinyar da ya tashi daga aikin dare a asibitin Nassarawa, in ɗakinsa yana Mariri ko Rijiyar Zaki, abin da ya rage masa a haya ya tafi a mota, barcinsa kuma ya tafi a hanya. Daga nan kuwa da ƙafa zai je. Sannan sayarwar ita kanta ce ke kawo gatari. Wakafi ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa, don haka magadan nan sun fitar da wannan fili daga kasuwa gaba ɗaya, sun yi wa bishiyoyinsa katangar da ta fi ta bulo. Ina kira ga Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha da hukumar tsara birni su dubi wannan tsari da kyau, su sauƙaƙa takardu ga duk iyalin da suka so bin sahu, domin tsofaffin gidaje irin wannan suna nan da dama a Nassarawa da Bompai, kuma kowace shekara raguwa suke yi.

Ku kuma 'ya'yana, maƙwabtanku za su yanke hukunci a kan wannan tsari ne da abin da suka gani a wurinku: gaisuwa, sahun asuba a masallacin layi, rage murya bayan isha'i, da barin ɗaki ga na baya idan Allah ya hore muku naku. Allah ya saka wa magada da alheri, ya sa ladan ya isa ga mahaifinsu. Ranka ya daɗe, muna roƙon ka taso ka miƙa mukullai.