Yadda Muka Tattara Tarihin Garinmu: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi magana yau, sai da na yi dariya, domin 'yan ajinmu da ke zaune can baya sun san irin makin da nake ci a darasin Tarihi. Malaminmu ma ga shi nan a gaba, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya fi kowa sani. To amma tun da an ce in faɗi yadda muka yi aikin tattara tarihin garinmu, zan faɗa, har da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Garin namu ƙauye ne a kudu maso gabashin Kano, ba nisa da Takai. Abin da ya tayar da mu kuwa shi ne rasuwar wani tsohon maƙeri, wanda kowa ya san babu kamarsa wajen labarin dā. Ranar sadakar uku muna zaune, sai aka shiga gardama a kan wanda ya haƙa tsohuwar rijiyar bakin kasuwa, kowa ya buɗe baki sai ya ce ai da marigayi yana nan da ya raba mu. A nan muka yi shawarar kafa ƙungiya. Mu tara ne: malaman makaranta, da wani ɗan kasuwa, da limamin unguwa, da ni. Duk maza. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Da farko mun ɗauka tarihin gari shi ne jerin sunayen dagatai, wato wane ya gaji wane, ya yi shekara kaza. Haka muka saba gani a Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, sarki bayan sarki tun daga Bagauda. Muka je fada, aka karɓe mu hannu bibbiyu, aka lissafa mana sunaye, muka rubuta. Cikin mako biyu muka ce mun gama. Da muka zauna muka karanta sai muka ga shafi ɗaya ne da rabi, babu noma a ciki, babu marina, babu yunwa, babu mace ko ɗaya sai wadda aka ce ta haifi wane.

Wata malamar firamare ce ta gyara mana tafiya. Ta kawo mana labarin Baba mutuniyar Karo, wadda Mary Smith ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 tana rubuta abin da ta faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin kuwa ya fito a 1954. Tsohuwa ce wadda ba ta yi boko ba, ba ta riƙe sarauta ba, amma daga bakinta duniya ta ji yadda ake zama a rinji, da yadda mahara ke kama mutane, da yadda ake aure da goyo kafin zuwan Turawa. Malamar ta ce mana irin su Baba suna nan a cikin gidajenmu, mu ne dai ba mu iya shiga. Muka ji kunya, muka sa ta cikin ƙungiya tare da ƙawayenta biyu, kuma in faɗa muku gaskiya, fiye da rabin abin da muka samu mai amfani su ne suka samo shi.

Matsala ta farko ita ce shekaru. Tsoho ba zai ce maka 1927 ba, sai dai ya ce shekarar 'yar buhu. Saboda haka muka yi wa kanmu wani tsani na abubuwan da aka san shekarunsu: basasar Kano tsakanin Tukur da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895, shigowar Turawa Kano a 1903, isowar jirgin ƙasa a 1911, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, 'yar buhu a 1927, rasuwar Sarki Abdullahi Bayero a 1953, canjin kuɗi zuwa naira da kuma babban fari a 1973, sai soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi a 1979. Duk labarin da aka ba mu sai mu tambaya, kafin kaza ne ko bayansa? Wata tsohuwa ta ce an yi mata aure shekarar da Sarki Alhaji ya rasu, kakarta ce kuma ta rene ta, ita kakar tana 'yar talla lokacin da Yusufawa suka yi sansani a Takai. Kun ga da bakin mutum biyu kacal mun taɓo 1893. Daga wurin wannan tsohuwa muka ji yadda ake rufe ƙofar ganuwa in an ji ƙishin-ƙishin Ningawa, da inda ake ɓoye yara, ta kuma kwatanta mana inda karofin garin yake. Muka je muka tarar gonar dawa ce, amma da aka kwashe ƙasa kaɗan sai ga bakin ramukan.

Mun kuma je Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa. Wanda duk zai yi irin wannan aiki ya nemi rahotannin da jojin Turawa suka rubuta lokacin kimanta haraji, gunduma-gunduma, domin a ciki akan sami yawan mutane da dabbobi da sana'o'i. Sunan garinmu mun same shi da wata irin rubutawa wadda sai da muka furta da ƙarfi kafin muka gane shi. Amma kada ku ɗauki takardar Bature tamkar yankan wuƙa. Ta bakin tafinta ya ji, kuma mutumin da ya san haraji ake ƙirgawa ba zai nuna duk shanunsa ba.

Yanzu ga inda aikin ya kusa wargajewa. Unguwanni biyu ne a garinmu, kowace tana cewa kakanta ne ya fara saran daji. Mu a ganinmu wannan hira ce ta tsofaffi, ashe akwai maganar sarauta a ƙarƙashinta, domin dagacin ya tsufa, kowa kuma yana duban abin da za mu rubuta ya zama hujja gobe. Aka fara aiko mana da goro da kaji. Wani ƙanen mahaifina ya kira ni har zaure ya ce in tuna ɗan gidan wa nake. Wata uku ba mu yi taro ba. Daga ƙarshe muka yanke cewa mu ba alƙalai ba ne: muka rubuta ruwayoyin biyu gefe da gefe, kowace da wanda ya ba da ita da wanda shi ya ji daga gare shi, muka nuna inda suka dace da tsaninmu da inda suka saɓa. Ba wanda ya ji daɗi sosai, har yau ƙanen mahaifin nawa gaisuwarmu a tsaye take, amma ba wanda ya ce mun yi masa ƙarya.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne maganar bauta. A gabas da gari akwai wata unguwa da kowa ya san asalinta rinji ne, amma ba a faɗa. Wani dattijo daga can ya ba mu labarin kakansa tun daga inda aka kamo shi, yana faɗa yana share hawaye. Da ya gama sai ya roƙe mu kada jikokinsa su gani a takarda, domin akwai 'yan mata da ba su yi aure ba. Muka yi doguwar gardama. Wasu suka ce in an cire wannan an cire ƙashin bayan tarihin garin, kuma sun yi gaskiya, domin da gumin mutanen rinji aka noma gandun da ya ciyar da fada. Ni dai na tsaya kan cewa alkawari muka ɗauka. Abin da muka yi shi ne, mun rubuta cewa an yi rinji, da yadda ake aiki a cikinsa, ba mu ambaci gida ko ɗaya ba, muryar dattijon kuwa tana ajiye wurin mutum biyu, ba mai saurare sai da izinin iyalinsa. Har yanzu wani lokaci nakan tambayi kaina ko daidai muka yi.

Game da kayan aiki, wayar hannu ta isa ɗaukar murya, sai dai ku riƙa kwafewa a wuri biyu ko uku tun a ranar. Hirar awa biyu da wani tsohon maɗinki ta tafi tare da wayata a cikin motar haya, kafin in koma kuma Allah Ya yi masa rasuwa. Ku fara da wanda ya fi tsufa, ku je da wanda ya sani, kada ku katse shi in ya saki hanya, domin sau da yawa a can abin yake.

Abin da ya rage mana shi ne wata gafaka da iyalin tsohon limami suka ba mu amana, cike da wasiƙu da takardun rabon gado, wasu da Larabci wasu da ajami, gara ta fara cin gefensu. Mun ɗauki hotonsu duka, amma rubutun ya fi ƙarfin karatunmu. Na ga malaminmu na Larabci yana nan, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka yi nisa a wannan fanni. Hotunan suna cikin jakata, wanda zai iya taimakawa ya same ni bayan an tashi.